Kaskon Gomti Ya Sauko

A ƙauyen Bamhori, da zarar watan Fagun ya kama, alkama ta fara ja a gonaki, ba a tambayar inda Gomti take. Ka bi ƙamshin man shanu kawai. Gidan da ya kai ka, nan za ka tarar da ita a tsakiyar mata, ta miƙe ƙafa ɗaya, faranti a cinya, tana kitsa bakin gujhiya, soyayyen ƙullin fulawa mai zaƙi da ake yi don biki. Yau gidan ƙawarta Rajjo, gobe gidan mai injin niƙa, jibi can bayan tafki. Tun Holi, bikin watsa wa juna launi, na saura kwana goma mata ke rububinta, wasu har gaba suke yi da juna a kan gidan da za ta fara shiga.

Aikin kansa babu macen da ba ta san shi ba. A murje fulawa da man shanu har in an dunƙula ta riƙe, a kwaɓa ta da tauri, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. A ɗora madara tun safe ana juyawa har ta ƙafe ta zama mawa, a ɗan soya ta, a bari ta huce, sannan a zuba sukari da kwakwa da zabibi. Wata na murza ƙullun faifai-faifai kamar tafin hannu, wata na zuba haɗin a tsakiya ta ninke shi rabin wata. Duk wannan ko amaryar da aka kawo bara za ta iya. Wurin da ake gane hannu shi ne bakin. In bai kamu da kyau ba, gujhiya tana shiga mai za ta buɗe, sukari ya zube ya ƙone, man ya yi baƙi, duk na bayanta su fito da ɗigo-ɗigo. Matan Bamhori kuwa za su iya manta ranar aurensu, amma ba sa manta wadda gujhiyarta ta fashe.

Ta Gomti ba ta fashewa. Ninki ashirin da ɗaya take yi wa kowace, da babban yatsa da manuni, ba ta ko kallo, bakinta na can yana ba da labarin surukar wance. Da aka fara kawo 'yan akwatunan roba daga kasuwar Mahoba, waɗanda ake danna gujhiya a ciki ta fito da haƙora, ta ɗauki ɗaya ta jujjuya, ta ce wannan na malalata ne, ta ajiye. Ita a bakin tafkin garinsu ta koya, da yumɓu, uwarta na zaune tana bugun hannunta duk lokacin da ninki ya karkace. Tana da shekara ashirin aka kawo ta gidan Sarju. A Holinta na farko a gidan, surukarta ta miƙo mata faifai ɗaya don gwaji, da ta ga abin da ya fito, sai tsohuwar ta turo mata farantin gaba ɗaya.

To, ga abin da ke cin ran Gomti: shekara goma sha tara ke nan ba a soya gujhiya ko ƙwaya ɗaya a gidanta ba.

Mijinta Sarju ɗan siriri ne mai yawan dariya, manomin alkama, kuma shi ke riƙe gangar masu waƙar Holi. Ɓarawon gujhiya ne na gaske. Ta farko da ta fito daga mai ta ɗakin bauta ce, kowa ya sani, amma shi sai ya laɓe bayan ginshiƙi, ya fizge ta da zafinta, ya fita yana jefa ta daga hannu zuwa hannu yana hura yatsu. Uwarsa ta yi faɗa har ta gaji. Gomti ce ta samo dabara. Sai ta riƙa jefa biyu a tashin farko, ɗaya ta kai ɗakin bauta, ɗayar ta ajiye a bakin faranti, ta juya baya wai tana gyara wuta. In ta waiwayo ta ga wurin wayam, sai ta ɗaga ludayi ta yi ta sababi. Shekara ashirin da biyar suna wannan wasan, babu wanda ya taɓa cewa ya gane.

Ranar Holi ya rasu. Ya dawo wajen azahar, ja da kore tun daga kai har ƙafa, ganga a kafaɗa, ya zauna gindin darbejiyar tsakar gida ya ce a ba shi ruwa. Kafin ta kawo kofin ya jingina da itacen, shi ke nan. An wanke shi tas, amma da aka ɗauke shi Gomti ta hango ɗan jan launi a bayan kunnensa na hagu, inda ruwa bai kai ba. Ba ta gaya wa kowa ba. Har yau in ta tuna shi, wannan ɗan jan take fara gani.

A al'adar Bamhori, gidan da aka yi mutuwa ranar biki, bikin ya mutu a gidan. Ba wasan launi, ba ɗora kasko, har sai an yi haihuwa a gidan a wannan rana dai, ko ta mutum ko ta saniya. Ranar sha uku, da aka tashi daga zaman makoki, wan Sarju, Bhairo, wanda kowa ke kira Dauju, ya ɗauki babban kaskon ƙarfe na suyar gujhiya ya rataye shi a ɗakin hatsi. Ba ya buƙatar yin bayani, kuma bai yi ba.

Dauju dogo ne, mai gashin baki, maganarsa a ƙirge take. Gida ɗaya suke, tsakar gida ɗaya, amma matar ƙane ba ta magana da wan miji, ba ta buɗe fuska a gabansa, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. Shekara arba'in da huɗu ke nan, shi da Gomti ba su taɓa ce wa juna uffan ba. Sai dai gida ba ya tafiya ba magana, don haka saniya ce 'yar aikensu. Zai tsaya bakin garke ya ce da saniya a gaya wa mutanen ciki ana son shayi, Gomti kuma daga bayan mayafi ta ce da saniya ta faɗa wa mai tambaya shayi na kan dakali tun ɗazu. Shanu uku suka yi wannan aikin. Ta yanzu Kajri ce, mai baƙin ido kamar an sa mata kwalli.

A shekara ta goma Gomti ta yi ƙarfin hali. Ta ji cewa a birni ana kiran fandit, malamin addininsu, ya yi addu'o'i ya ɗage irin wannan takunkumin, sai ta faɗa wa saniya haka, da murya yadda Dauju da ke kan gadon igiyarsa zai ji. Dauju ya ce da saniya ta gaya wa mutanen ciki ƙanensa ne ya mutu, ba baƙo ba, yadda aka yi wa kakanni haka za a yi masa. Gomti ta ji haushi ƙwarai. Mako guda tana cika masa gishiri a miyar wake, yana cinyewa tas. Tun daga ranar ta yanke a ranta cewa mutumin nan dutse ne a ƙirjinsa.

Ba a hana ta yi wa wasu ba, shi ya sa take yawon gidaje. Ranar biki farantai kan shigo daga maƙwabta, rabin abin da ke ciki kitsonta ne. Tana ci, tana yabawa. Amma ta gidan wani ta gidan wani ce. Abin da take so shi ne ƙamshin ya tashi daga murhunta, ya kama labulenta, ya kwana a bangonta. Kullum ta shiga ɗibar alkama sai ta ɗaga kai ta dubi kaskon. Abin da ke ɗan sanyaya mata rai, damina goma sha tara sun wuce bai yi tsatsa ba. Ta san aikin surukarta ne, Sunaina matar ɗanta Lakhan, mai kiranta Ammaji, wato inna, yarinya mai hankali da ba ta son a gode mata, don haka ba ta taɓa ɗaga maganar ba.

Sau ɗaya an kusa. Cikin Sunaina na fari ya faɗo daidai watan Fagun, Gomti ta yi ta ƙirga kwanaki. Jaririyar ta yi zamanta sai kwana tara bayan Holi. Gomti ta karɓe ta tana hawayen murna, tana ce mata malalaciya, ina kika tsaya.

Daga nan ta koma kan saniya. Ita da Rajjo, ƙawarta ta bayan katanga, mai baki kamar reza, suka zauna suka ƙirga da yatsu: cikin saniya wata tara ne da kwana tara. In aka koma baya daga Holi, ya faɗo tsakiyar zafin watan Jeth. Sai ga Gomti da rana tsaka tana jan Kajri zuwa wurin bijimin ƙauye. Ita kuwa saniya ba ta karanta kalanda, ranar da ta ga dama take karɓar bijimi. Na farko ta haihu kwana goma sha biyu kafin biki. Na biyu cikin bai kama ba. Na uku ta haifi namiji kwana biyar bayan an wanke launi. Ƙauye duk ya sani. Mai bijimi in ya hango ta sai ya ce ga malamar lissafi nan, Rajjo kuwa, da ke kiranta Jiji, wato yaya, ta ce, “Jiji, ki ɗaura mata kalandar a ƙaho mana, ko za ta riƙa dubawa.” Gomti takan yi dariya tare da su. Dauju ne kaɗai ya yi kamar bai san abin da ake ciki ba.

Bara ne dariyar ta ƙare. Suna gidan Rajjo, an jefa tashi na uku, sai aka ji fus, mai ya fara tafasa yana baƙi. Kafin kowa ya buɗe baki Rajjo ta ce tata ce, ita ce ta cika ta da haɗi saboda haɗama. Matan suka hau yi mata tsiya, amma da aka tsamo ta kowa ya ga ninkin, kuma a Bamhori mutum ɗaya ce ke ninki ashirin da ɗaya. Gomti ta dawo gida ta zauna ta dubi hannuwanta. Gaɓoɓin yatsun sun kumbura sun karkace kamar citta. Lakhan ya kai ta asibiti a Mahoba, aka ba ta man shafawa, aka ce ta guji ruwan sanyi, aka kuma ce abin ba ya komawa baya. Nan tsoro ya shige ta. Ba mutuwa take tsoro ba. Tsoronta kaskon ya sauko a lokacin da hannun ya riga ya tafi.

A Jeth ɗin da ya biyo, Kajri ta karɓi bijimi a daidai ranar da lissafi ya nuna, ba gaba ba baya. Gomti ba ta gaya wa kowa ba sai Rajjo, wato dai ta gaya wa kowa.

Da Fagun ya kama bana, a karo na farko ba a ga Gomti a gidan kowa ba. Duk wadda ta aiko sai ta ce hannu na ciwo. Gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba, tanadin yatsun take yi, kamar mai ɓoye ragowar mai a kwalba. Ko wanke-wanke ta bar wa Sunaina. Saura kwana uku ta karɓo madarar ɓaunar Rajjo, ta sa Sunaina ta juya har ta zama mawa, suka rufe a tukunyar ƙasa a wuri mai sanyi. Dafa madara dai ba a hana ba. Ƙamshin ya cika gidan, Dauju daga kan gadonsa ya tambayi Kajri madarar wa ke neman ƙonewa. Gomti ta ce da Kajri ta ce ta maƙwabta ce.

Safiyar Holi hantsar Kajri ta cika tam. Ta ƙi ciyawa, ta kwanta, ta tashi, ta waiwayi cikinta. Gomti ta kifa kwando a garke ta zauna. A waje ƙauye ya kaure da kiɗa da ihu, ana watsa ruwan launi daga kan rufi. Masu ganga da suka iso ƙofar gidan suka sassauta hannu har suka wuce, yadda suka saba yi duk shekara. Sunaina ta kawo abinci, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye.

Babu irin lallashin da Gomti ba ta yi wa saniyar nan ba. Ta ba ta mazarƙwaila a tafin hannu, ta sosa mata wuya, ta kira ta 'yar lele, ta tuna mata wanda ya yi jinyarta lokacin da ƙafarta ta ruɓe da damina. Da rana ta take Rajjo ta faɗo gidan, shuɗiya har cikin kunne, garin launi ja da shuɗi na zuba daga zaninta. Ta ce a zagaya da saniyar, aka zagaya da ita sau bakwai. Ta ce akwai wani jiƙo da ake ɗura wa saniya ta haihu nan take. Gomti ta girgiza kai.

“Ba zan cuci baiwar nan don gujhiya ba,” in ji ta. “In ta zo, ta zo.”

Dauju yakan yi wunin Holi a ɗakinsa ƙofa a rufe. Ran nan ya jawo gadon igiyarsa kusa da garke, wai yana gyaran wata tsohuwar igiya, wadda ya kwance ya sake tufkawa ya fi sau biyar. Da rana ta faɗi, Kajri na nan tsaye tana tuƙa kamar ba ita ba, Gomti ta miƙe da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara. Sai ta ji muryarsa yana ce wa saniya, ranar biki ba ta ƙarewa sai wata ranar ta fito. Ta koma ta zauna.

Ranar ta fito. Gomti na kallo haskenta ya sauka a kan darbejiya, ya gangaro bango, ya shigo har garke. Sunaina ta ɗora shayi, an sha, an wanke kofuna. Sannan ne Kajri ta kwanta ta yi nishi, ƙafafu biyu suka leƙo. Ko sa'a ɗaya ba a yi da fitowar rana ba.

Maraƙa ce, ja, lafiyayya. Gomti ta yi duk abin da ya kamata. Ta share mata hanci, ta goge ta da buhu, ta tura ta gaban uwar don ta lashe, ta tallafe ta har ta kama nono. Ta shafa goshin Kajri ta ce sannu, ba laifinki ba ne. Sannan ta wanke hannu ta ce da Sunaina ta kai wa Rajjo mawar nan kafin ta yi tsami. Muryarta ba ta rawa, amma zuciyarta ta karye, domin ta san yatsun nan ba za su kai wata shekara ba. Sunaina ta tsaya da tukunyar a hannu tana hawaye. Gomti ta ce ba a kuka a gidan haihuwa.

Babu wanda ya lura da tashin Dauju. Ƙarar ƙarfe aka ji daga ɗakin hatsi, sai ga shi ya fito yana jan kaskon ta kunne ɗaya, don ya fi ƙarfinsa yanzu, shekararsa saba'in da takwas. Lakhan ya zabura zai karɓa, tsohon ya daka masa harara. Ya jawo shi har gaban murhun tsakar gida ya ajiye, ya tsaya yana haki. Sannan ya sunkuya bakin ƙofar garke, inda garin launin Rajjo ya zube jiya, ya dangwalo ja da yatsa ya shafa a goshin maraƙar.

“Kajri,” ya ce, “ki gaya wa mutanen ciki. Baƙon da ya shekara goma sha tara bai zo ba, don ya makara da sa'a guda ba za a rufe masa ƙofa ba. Ni na rataye kaskon nan, ni na sauke shi. In akwai laifi, a kaina.”

Gomti ta ja mayafinta ta ƙara rufe fuska.

“Kajri, ki tambaya, kakanni fa?”

“Ki ce ni zan je in yi musu bayani da bakina. Ai na kusa.”

Ta durƙusa gaban kaskon ta shafa cikinsa. Sumul yake, baƙi ƙirin, yana ƙyalli, yatsanta ya fito da danshin man da bai fi mako da shafawa ba. Ta ɗago ta ce wa Sunaina Ubangiji ya yi mata albarka da ta kula da shi duk shekarun nan. Sunaina ta zaro ido.

“Ammaji, ni ban taɓa taɓa shi ba. Na zaci ke ce.”

Su biyun suka juya. Dauju ya koma kan gadonsa, ya duƙufa a kan igiyar nan kamar rayuwarsa na ciki. Gomti ta tsaya tana lissafi, ita malamar lissafi: damina goma sha tara, tsoho shi kaɗai a ɗakin hatsi da tsumma da kwalbar mai, yana jiran ranar da take jira. Ta tuna gishirin da ta cika masa a miya, kunya ta kama ta har cikin ƙashi.

Kafin a ce me, Rajjo ta ji labari ta katanga, ta shigo da katakon murzawa a hammata tana cewa ita dai ta san saniyar nan 'yar gidan ce, komai nasu sai sun makara. Aka kwaɓa fulawa. Rajjo na murzawa, Sunaina na zuba haɗi, faranti a cinyar Gomti. Ta ɗauki ta farko. Yau kam ta kalla, kuma ba ta ba da labarin kowa ba. Kowane ninki sai da ta ji shi har gwiwar hannu, amma ta kai ashirin da ɗaya. Ta yi ta biyu, ta yi ta uku. A ta tara babban yatsan ya ƙage, ya ƙi lanƙwasuwa ko ta ƙaƙa. Ta zauna tana kallonsa, gujhiyar a buɗe a tafin hannunta.

Sunaina ta sa hannu a hankali ta karɓa. Yatsunta suka bi bakin, tsaf-tsaf, ta ajiye a faranti kusa da na surukarta. Rajjo ta ɗauka ta ƙirga da ƙarfi, ashirin da ɗaya. Ashe shekara goma sha ɗaya yarinyar nan tana gwadawa da guntun ƙullun gurasa in ta gama aikin safe, ta kitsa ta warware kada a gani. Gomti ta duba ninkin da kyau. Ta turo mata farantin gaba ɗaya.

Suyar dai ba ta bar wa kowa ba. Ta zuba man shanu, ta rage wuta, don gujhiya ba ta son gaggawa, ta jefa ɗan ƙullu ta ga ya taso a hankali. Sannan ta zaɓi biyu daga cikin nata ta zura su ta gefen kasko. Ƙananan kumfa suka kewaye su. Suka taso, suka kumbura, ta juya su, suka yi ja kamar alkamar da ta isa yanka. Bakin ya riƙe. Ƙamshin ya tashi ya shiga ɗakuna, ya haura katanga, har aka ji wata a waje tana tambaya ko daga gidan Gomti ne.

Ta tsamo su. Ɗaya ta sa a ganye ta ba Sunaina ta kai ɗakin bauta. Ɗayar, ba tare da ta yi shawara da kanta ba, hannunta ya ajiye ta a bakin faranti, ta juya baya tana gyara wuta. Sai da ta juya ta tuna babu kowa a bayan ginshiƙi. Wutar ba ta buƙatar gyara, amma ta ci gaba da tura itacen, domin ba ta son ta waiwayo ta tarar da gujhiyar tana nan. Hayaƙi ya ba ta dalilin share ido.

Da ta gaji ta waiwayo. Bakin farantin wayam.

Can bakin garke Dauju na tsaye ya ba ta baya, yana jefa abu daga hannu zuwa hannu yana hura yatsu. Ya gutsura da 'yan haƙoran da suka rage masa, ya daɗe yana taunawa, kafaɗunsa na rawa. Da ya yi magana, muryar ba irin tasa ba ce.

“Kajri, ki ce hannun bai canza ba.”

Gomti ta ɗaga ludayi sama, hawaye na zuba ta ƙarƙashin mayafi.

“Kajri,” ta ce, “ki gaya wa ɓarawon ya bari ta huce. Ƙanensa ma haka ya yi ta ƙona baki, bai taɓa ji ba.”